Ranar da Awon Matan Badarawa Ya Ɓace

Ranar Asabar ce, azumi ya kai ashirin da ɗaya. Duk wanda ya san shagon tela a irin wannan lokaci ya san ba wurin wasa ba ne. Bilkisu mai ɗinki ta buɗe shagonta da ke Layin Masallaci a Badarawa, ta yi bisimilla, ta shimfiɗa leshin Hasiya matar Malam Yahaya a kan tebur, ta ɗauki almakashi, ta danna waya don ta duba awo.

Babu awon Hasiya.

Ta duba na Harira, babu. Na Asabe, babu. Ta bi ta bi, mata ashirin da bakwai, duk 'yan unguwa, ko alamar sunansu babu. Sai ta saki salati da ƙarfi har aka jiyo ta a bakin titi.

Shekara biyu ke nan Bilkisu ta daina rubuta awo a littafi, tun ranar da ɓera ya cinye mata rabin littafin ana gobe biki. Wani saurayi Anas, mai shagon kwamfuta a Kawo, shi ya sa mata wata manhaja a waya. Kowace mace da sunanta, da hoton atamfarta, da awonta. Ba a cikin wayar abin yake zaune ba, wani kamfani ne ke ajiye shi a manyan kwamfutocinsa, ana biyansa haya duk wata kamar kuɗin wuta. Anas ya ce sunan abin gajimare. Ya ce ɓera bai isa ba, gobara ba ta isa ba.

To ga shi an isa.

Kafin Anas ya iso a babur ɗinsa, shago ya cika da mata, maza sun yi cirko-cirko a waje. Ya buɗe kwamfuta, ya danna nan ya danna can, ya share zufa.

"Anti, ba ɓacewa ya yi ba. Gogewa aka yi, ranar Alhamis da yamma. Kwana ɗaya kawai kamfani ke riƙe abin da aka goge, kuma ya wuce."

"Wa ya goge?"

Anas ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Da sunan Husaina aka shiga."

Husaina tana kan keke a lungun shago, ƙafarta ta tsaya cak. Bazawara ce mai 'ya ɗaya, shekararta huɗu tana koyon ɗinki a wurin Bilkisu, kuma an sa bayan Sallah za a yaye ta, a ba ta keke nata na kanta. Sai dai ranar Laraba sun ɗan yi sa-in-sa da Bilkisu, don sau biyu ana ɗaga yayen. Ga shi kuma an ga Maliki, telan da ke tsallaken titi, yana mata magana a bakin famfo.

"Anti, wallahi da azumi a bakina, ban goge komai ba."

"Awo dai a sake aunawa," in ji Bilkisu, idonta jawur. "Amana fa, Husaina? Ajiye min makulli."

Mijinta Alhaji Bashir ya leƙo daga waje ya ce shi ba zai tsaya dogon zance ba, Litinin zai kira 'yan sanda, su ne za su tambaye ta wa ya sa ta.

"Kai, duniya," in ji Hasiya, tana kallon silin. Sauran matan suka yi ta ƙus-ƙus. Da Bilkisu ta ce to tunda suna nan su tsaya ta sake auna su, sai wannan ta tuna ta bar wake a ruwa, waccan ta tuna yaro na barci. Minti biyu ba a yi ba shago ya zama wayam.

*

A bakin layin akwai injin markaɗe, kuma mai injin ita ce Uwani. Mace ce gajeriya, kakkaura, 'ya'yanta bakwai, babbansu Idi, karatunta na allo ne da ɗan abin da ta tsinta a ajin manya. Mahaifinta Shehu mai bin sawu ne a ƙauyensu can wajen Giwa. In an kore shanu shi ake kira, ita kuma tun tana ƙarama take bin sa da gorar ruwa, tana kallon abin da yake kallo. Shi ya sa a Badarawa in akuya ta ɓata, ko an ɗauke tukunya a bayan ɗaki, wurin Uwani ake zuwa. Ba ta karɓar ko sisi. Addu'a take cewa a yi wa babanta.

Nan Husaina ta zo ta durƙusa tana kuka. Uwani ta kashe inji.

"Share hawayen, azumi ne, kada ki ƙarar da ruwan jikinki. Kin goge?"

"Ban goge ba, Mama."

"Alhamis bayan la'asar ina kike?"

"Kasuwar Kawo, sayen zare da zik."

"Wa ya gan ki?"

"Kasuwa ce fa, Mama. Kowa ya gan ni, ba wanda ya gan ni."

Uwani ta dube ta daga sama har ƙasa, ta goge hannu da zani, ta ja hijabi. Ta tarar da Alhaji Bashir yana shirin shiga mota.

"Alhaji, ka ba ni zuwa Litinin bayan azahar."

Ya yi dariya. "Maman Idi, wannan ba akuya ba ce. Abu ne can a sama, a gajimare. Sawun me za ki bi?"

"Abin yana sama, na ji. Wanda ya goge shi ai a ƙasa yake tafiya."

"To Allah ya ba da sa'a. Litinin bayan azahar, ko minti ɗaya ban ƙara."

*

Ta fara da Maliki, tunda sunansa ne a bakin kowa. Ta same shi da allura a baki, tsummoki har gwiwa.

"Mama Uwani! Akuyar wa kuma ta shigo shagona?"

"Ta Bilkisu. An ce kai ka sa aka goge mata awo don mata su dawo wurinka."

Maliki ya cire allurar ya riƙe baki. "Ni? Dubi nan, Mama." Ya nuna tarin yadudduka har rufi. "Wannan kaftani na Sallar bara ne, mai shi har ya daina gaishe ni. In aka ƙaro min mata ashirin da bakwai ai gudu zan yi in bar garin."

"Me ka ce wa Husaina a bakin famfo?"

"Cewa na yi ta zo ta taya ni aiki zuwa Sallah. Ta ce ita ba ta barin Antinta a tsakiyar ruwa. Har da harara."

"Kai a ina kake ajiye awo?"

Ya juya ya nuna bango. Daga sama har ƙasa rubutun alli ne, sunaye da lambobi. "Ga gajimarena nan. Ba haya, ba caji. In kina neman mai laifi, Mama, tambayi ɗan kwamfutar nan. Shi ne ke cika baki wai ko yana Legas yana ganin komai."

Uwani ta duba bangon, ta duba Maliki. Mutumin da bai iya gama kaftanin bara ba, ina zai samu lokacin ƙulla makirci? Ta yi masa sai an jima.

*

Anas kuwa bai jira an neme shi ba. Da ya ji an ambaci sunansa sai ga shi a gindin inji da kwamfutarsa.

"Mama, in aka ce ni ne, kasuwata ta mutu. Shaguna goma sha huɗu na sa wa manhajar nan."

"Zauna. Gaskiya ne kana ganin komai?"

"Ni na saita musu, dole ina da hanyar shiga. Amma in da ni na goge, sunana zai fito."

"Yaushe rabonka da shagon?"

"Laraba da safe. Na je sabunta musu manhajar, na gwada na ga tana aiki."

"Yaya ka gwada?"

"Na buɗe suna ɗaya na karanta, Anti ta ce daidai ne."

"A bayyane ka karanta?"

Ya sosa ƙeya. "E to, a bayyane."

"Su wa ke wurin?"

"Anti, da Husaina. Sai Inna a kan tabarma tana sa maɓalli, amma ita waya na kunnenta, tafsiri take ji."

Inna Larai ke nan, mahaifiyar Bilkisu. Kullum tana shagon, sandarta a gefe. Bilkisu ce 'yarta ta fari, don haka ko sunanta ba ta kira, sai dai ta ce "waccan". Juma'a da sassafe ta tafi Katabu, autarta ta haihu.

"To," in ji Uwani. "Abin nan naka yana nuna lokacin da aka goge kowanne?"

"Har minti."

"Karanta min. A hankali, kamar mai biya wa yaro allo."

Ta rufe ido. Haka babanta ke yi in yana son ya ji daji.

"Hasiya, huɗu da minti ashirin. Harira, huɗu da talatin da ɗaya. Asabe, huɗu da talatin da biyu. Ummi amarya, huɗu da arba'in da uku. Talatu..."

"Tsaya. In kai ne kake son ɓarna, minti nawa za ka yi ka goge ashirin da bakwai?"

"Biyar ma ya yi yawa."

"Shi wannan nawa ya yi?"

Anas ya duba ƙasan jerin. "Ya gama shida da kwata. Kusan awa biyu."

"Ci gaba."

Ya ci gaba, ita kuma leɓenta na motsi. Hasiya, gidan farko kusa da masallaci. Harira da Asabe faccaloli ne, gida ɗaya suke, gidan mai kifi, shi ya sa minti ɗaya ne tsakaninsu. Ummi amarya, gida na gaba. Sunaye na zuwa, gidaje na jeruwa a idonta ɗaya bayan ɗaya, hannun dama har bohol, sannan a juyo ta hannun hagu.

Ta buɗe ido tana murmushi.

"Anas, wannan ba jerin sunaye ba ne. Tafiya ce. Buga min shi a takarda."

*

Lahadi da aka sallame la'asar, Uwani ta kira Husaina, ta ba ta takardar, ta ce ta riƙe waya tana duba lokaci. Suka tsaya a ƙofar masallaci.

"Yau za mu bi ɓarawonki, ƙafa da ƙafa."

Gidan Hasiya suka fara shiga. Hasiya ta tarbe su da fara'ar da ta wuce kima, ta shimfiɗa darduma, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka yi aure. Husaina dai ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Alhamis da yamma wa ya shigo miki?" in ji Uwani.

"Alhamis? Kai, azumin nan ya sa ba na riƙe komai."

A bakin rariya akwai wata 'yar roba mai jan murfi, an wanke an kife. Uwani ta gani, ta yi sallama suka fito.

Gidan mai kifi, Harira ta ce barci take ranar, Asabe ta ce ita ma. A kan randa, roba mai jan murfi. Gidan Ummi amarya, roba mai jan murfi, har ta zuba gishiri a ciki. Ummi da ta ga Husaina sai ta shige ɗaki wai tana da alwala.

"Mama, me ya sa kowa ke guduna?" in ji Husaina a waje. "Ko ɓarauniyar gaske ai a dube ta."

"Duba lokaci ke dai. Daga gidan Ummi zuwa gidan Talatu, yi tafiyarki ta kullum."

Husaina ta taka. "Minti biyu."

"A takarda fa?"

"Sha uku."

"Cire gaisuwa, cire surutu. Har yanzu mai tafiyar nan ba ya sauri."

Suka isa ƙarshen layi. A nan akwai wata babbar kwata da ta raba layin da wasu gidaje uku. Da can akwai katako a kai, amma tun kafin azumi wani ya ɗauke ya yi itace da shi. Husaina ba ta ko tsaya ba, ta tattare hijabi ta yi tsalle ɗaya, sai ga ta a tsallake.

"Tsaya nan!" in ji Uwani. "Gidajen nan uku, akwai masu ɗinki a wurinku?"

"Duka ukun. Mata biyar."

"Suna cikin takarda?"

Husaina ta bi da yatsa har ƙasa. "Ko ɗaya babu, Mama. Nasu yana nan."

Uwani ta tsuguna a bakin kwatar. Tsakiya duk sawun yara ne da na awaki, an tattake. Amma can gefe, jikin katanga, inda ruwan wanki ke jiƙa ƙasa ba wanda ke bi, akwai abin da take nema. Silifas ƙarami. Ƙafar dama ta nutse sosai, ta hagu ja ake yi. Kusa da su wani ɗan rami zagayayye kamar bakin kwalba, ɗaya, biyu, uku, inda aka dogara aka gwada zurfin wurin. Sannan sawun ya juya ya koma inda ya fito.

Ta daɗe tana kallo. Can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Tsallako ki dawo. Allah ya ji ƙan Baba, ya ce kowa da inda ƙafarsa ke tsayawa. Wayar da kike aiki da ita a shago da, kafin a sayi sabuwa, tana ina?"

Husaina ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya, ta dafe ƙirji.

"Rufe bakin," in ji Uwani. "Mu je, an kusa kiran salla."

*

Litinin bayan azahar tsakar gidan Bilkisu ya cika. Uwani ta bi gida-gida da safe ta ce duk wadda sunanta ke takarda ta zo, wadda ba ta zo ba da ita za a fara in 'yan sanda sun iso. Ba wadda ta yi fashi. Maza uku suna kan benci a bakin zaure: Alhaji Bashir, Maliki da Anas. Husaina na tsaye jikin bango. Uwani ta kuma sa Alhaji ya aika mota Katabu tun da hantsi, ta ce magana irin wannan ba a yin ta babu dattijuwa.

"Bisimillah," in ji Uwani. "Ba zan ja ku da nisa ba, na bar wake a layi. Maliki, ba kai ba ne. Kai ko naka aikin ya fi ƙarfinka."

"Na gode, Mama. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba."

"Anas, ba kai ka goge ba. Amma kada ka tashi, akwai naka a gaba."

Anas ya koma ya zauna.

"Wanda ya yi aikin nan bai zauna wuri ɗaya ba. Gida-gida ya bi, daga masallaci zuwa bohol, ya juyo. Yana tafiya a hankali. Kowane gida ya shiga ya bar roba mai jan murfi, ta sadakar kunu. Da ya kai bakin kwata ya gwada da sanda sau uku, ya ga ba zai iya ba, ya juya. Mata biyar na tsallake, awonsu na nan. Husaina kuwa jiya a gabana ta tsallake kwatar nan kamar ɗan akuya. In ita ce, me zai hana ta ƙarasawa?"

Hasiya ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

Daidai nan aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga zaure. Inna Larai ta shigo, sanda a dama, ƙafar hagu tana ja, tsohuwar wayar shago a rataye a wuyanta cikin 'yar jaka.

"Salamu alaikum. Wannan taro fa? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna," in ji Uwani. "Awon mata aka goge a shago, an ce Husaina ce. An kore ta, yau za a kira mata 'yan sanda."

Inna ta tsaya cak. "Wace Husainar? Ni ce nan! Ni na ɗauki wayata na bi gidaje, kowacce ta nemo hoton atamfarta ta danna da yatsanta. Hasiya ce ma ta nuna mana jan kwandon da ake dannawa. Ga su nan ai, ku tambaye su!"

Bilkisu ta miƙe tsaye. "Inna! Ke?"

Inna ko kallonta ba ta yi ba. Ta juya wajen Uwani. "Gaya wa waccan, da kunnena na ji. Ana zaton tafsiri nake ji, to malam ya tsaya shan iska. Yaron can ya buɗe akwatinsa yana karantawa, Hasiya, ƙirji kaza, ƙugu kaza, kamar mai kiran kaya a tasha. Har yana cewa ko daga Legas zai gani. Matan aure! Cikin azumi! Daren ranar ban runtsa ba."

"Nawa ne ma ƙugun?" in ji Maliki a hankali. Alhaji Bashir ya taka masa ƙafa.

"Amma Inna," in ji Anas, "da kuka goge ai na shago kuka goge."

"A'a. Na sama muka goge, wanda maza ke gani. Na shago yana shago."

"Guda ɗaya ne, Inna. Wayar shago leƙawa kawai take yi. Taki ma haka, kuma har yanzu da sunan Husaina take shiga, na manta ban cire ba."

Inna ta dubi wayar da ke wuyanta kamar ta ga kunama. "Innalillahi. Guda ɗaya?"

"To me ya hana ki gaya min, Inna?" in ji Bilkisu, kamar ta yi kuka kamar ta yi dariya. "Kullum muna tare a shago!"

"Uwani, ji min yarinyar nan. Ni in zauna in yi zancen ƙirji da ƙugu da 'yar fari? Allah ya sawwaƙe. Ban lalace ba."

Dariya ta so ɓarkewa, amma Inna ta buga sanda a ƙasa. Ta juya ta fuskanci matan, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ina Katabu ban sani ba. Ku fa? Ku ashirin da bakwai, kuna tsaye aka karɓe makulli a hannun marainiyar Allah, da azumi a bakinku, ba wadda ta ce uffan?"

Ba wadda ta ɗaga kai. Can Hasiya ta ce, "Inna, Alhaji ne ya ambaci 'yan sanda. Muka ce in an kai mu ofis, a gaban mazajenmu za a karanta dalili, har da lambobin. Muka ce bari ki dawo tukuna."

"Da na yi arba'in a can fa?"

Harira ta fara sharar hawaye. Ummi amarya ta rarrafa ta kama ƙafar Husaina.

Alhaji Bashir ya tashi, ya cire hula ya mayar. "Husaina, ni na fara ambaton hukuma ban bincika ba. Ki yafe ni. Yaye kuma ba sauran ɗagawa, kwana uku bayan Sallah, keken ma ni zan ɗauko shi da kaina."

Bilkisu ta matso. Ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta kamo hannun Husaina ta danƙa mata, ta rungume ta.

"Saura kai," in ji Uwani, ta nuna Anas. "Inna ta yi kuskure, amma ba ta yi ƙarya ba. Abin nan naka ana iya kulle shi, ya zama daga Bilkisu sai Husaina ke ganin awon mata?"

"Ana iyawa, Mama. Minti biyu ne."

"Shekara biyu kana da minti biyu? Yi yanzu, a gaban Inna."

Ya yi. Uwani ta sa shi ya gwada buɗewa da nasa sunan, abu ya ƙi. Ta sa ya sake, ya ƙi. Inna ta ce a yi na uku, don ita sai uku take yarda. Sannan ya cire sunan Husaina daga wayar Inna, ya bar mata tafsirinta.

"Sauran shaguna goma sha ukun ma ka je ka yi musu," in ji Uwani. "To maza, a ba mu wuri. Mata, a yi layi. Saura kwana bakwai ko takwas Sallah, kuma ba wadda za a sa wa tef sai ta nemi gafarar mai tef ɗin."

Maza suka fice. Husaina ta rataya tef a wuya, ta share ido, ta tsaya a tsakiyar gida. Hasiya ce a gaba.

"Husaina, don Allah don Annabi ki yafe ni."

"Na yafe, Anti Hasiya. A ɗaga hannu."

Ta zagaya tef, ta duba, ta rufe da tafin hannu, ta shigar a waya ba ta faɗi lambar ba. Hasiya ta kasa haƙuri, ta leƙa. Sai ta daka tsalle.

"Arba'in da shida? Ƙarya ne! Wancan karon arba'in da huɗu ne, kuma azumi nake yi!"

Muryarta ta haye katanga. Daga can bakin zaure aka jiyo Maliki ya shaƙe da dariya.

Uwani ta riga ta kai ƙofa, tana sauri wajen injinta. Ta waiwayo ta ga Inna Larai ta dogara da sanda tana girgiza kai.

"To ke kuma, Hasiya," in ji Inna, "wannan wa zai goge miki shi?"